Saƙon da Ya Shiga Wayar Kamilu

Duk wanda ya taɓa karatu a cibiyar jami'ar da ke Ƙanƙara ya san jawabin Kamilu. Shekara shida ke nan yana yin sa ranar karɓar sababbin ɗalibai, ko kalma ɗaya bai taɓa canzawa ba. Zai tsaya gaban ɗaki, ya ɗaga wayarsa sama, ya ce, "Lambar da kuka sa a shafinku, ita jami'a ta sani. Kada wanda ya sa ta yayansa, ko ta mijinta, ko ta mai shagon kwamfuta. Ranar da saƙo ya wuce ku, kada ku zo mana da kuka." Yana faɗa yana ɗaure fuska, har 'yan baya su riƙa kwaikwayonsa. Mutum ne mai son a san ya san aikinsa, kuma gaskiya ya san shi.

Sashen kwamfutar nasu ba wani babba ba ne. Ɗaki biyu ne da baranda. Ɗaya na manyan na'urorin da ke riƙe da sunan kowane ɗalibi da sakamakonsa, shi kaɗai ne ake kunna wa na'urar sanyi a duk cibiyar, ɗayan kuma ofis. Hajiya Suwaibatu ce shugaba, mace mai magana a hankali wadda ba ta yarda a taɓa ko waya ɗaya ba tare da an rubuta ba. Salim, wanda ya zo bara daga Sabuwa, shi ke kula da shafin ɗalibai da tura saƙonni. Kamilu kuwa nasa aikin na waje ne: wayoyi, batura, sola, da dogayen ƙarafan eriyar da suka haɗa Ƙanƙara da ƙananan cibiyoyin Faskari da Sabuwa. In eriya ɗaya ta yi gardama, kwamfutocin jarrabawar can sun zama kayan ado.

To, ga inda abin ya karkace. Kamilu ɗan Ruwan Godiya ne, kuma a Ruwan Godiya in aka ce kana aiki a jami'a, an ɗauka kai ne jami'ar. Duk mai neman shiga, gunsa zai zo da takardu a leda. In an kai wajen lambar waya, sai mutum ya ce, "Sa taka kawai, ai kai ke can, tamu sabis sai mun hau tudu." Ƙin haka kuwa sai a ce ka fara girman kai. Haka ya sa wa ɗan limamin unguwarsu, ya sa wa ƙanin abokinsa, har lambarsa ta zauna a shafin mutum goma sha huɗu. Kullum yana cewa zai gyara, kullum yana mantawa.

Cikin sha huɗun nan akwai Zulfa, 'yar Goggo. Goggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ita ta sayar da tumakinta biyu lokacin da zai tafi kwaleji. Zulfa malamar firamare ce a garin, da 'ya'ya uku, shekara biyar tana karatun digiri a ranakun hutu, tana zirga-zirga a mota zuwa cibiyar Faskari. Darasi ɗaya tal ya rage mata. In ta ci ta gama, in ya wuce ta sai baɗi war haka.

Ranar wata Asabar aka yi iska da ruwa irin na farkon damina, ta karkatar da eriyar da ke wajen Tafoki, Faskari ta yanke gaba ɗaya. Hajiya ta duba jadawali, ta ga jarrabawar da za a yi a Faskari ranar Alhamis ba za ta yiwu ba, ɗakin Ƙanƙara kuma ranar Talata kaɗai yake da sarari. Aka mai da ita Talata. Salim ya tura saƙo tun safiyar Lahadi, ya sake turawa Litinin. Shi kuwa Kamilu kwana uku ya yi yana hawa yana sauka a kan ƙarfe, igiya a ƙugu, wayarsa tana ta ƙara a aljihu. Ya duba sau ɗaya, ya ga saƙonnin jami'a ne jere, irin waɗanda yake samu kullum, ya share su da yatsa ɗaya ya ci gaba da ɗaure ƙusa. Sauran 'yan garinsu ba wannan darasin suke yi ba, don haka babu wanda ya ji balle ya gaya wa Zulfa.

Ranar Alhamis da hantsi Zulfa ta kira shi. Da yake abokan wasa ne, ɗan namiji da 'yar mace, ya ɗauka da tsokana, "Malama, an ci ko an sha ƙasa?"

"Yaya Kamilu, ga ni a Faskari," ta ce. "Ɗakin a kulle yake. Mai gadi ya ce wai an yi tun shekaranjiya a Ƙanƙara."

Tun kafin ta rufe baki Kamilu ya gane abin da ya faru, ya tuna yatsan da ya share saƙonnin da shi. Da ya faɗa a lokacin, da magana ta ƙare a waya. Amma sai ya ji muryar Goggo a kusa, ashe ta rako ta don ta yi mata addu'a a bakin ƙofa. Goggo ta karɓi wayar.

"Kamilu, mi ya faru? Ba ku ke sanar da mutane ba?"

"Goggo, ai ba ni ke tura saƙo ba," ya ce. Bakinsa ya riga tunaninsa. "Akwai mai yin wannan, wani Salim. Ina jin bai tura wa kowa da kowa ba. Ki bar ni da su, zan bi kadin abin."

Ya kashe wayar ya zauna a kan akwatin batir. Ƙarya ce ƙarama, ya gaya wa kansa, ƙarya ce ta kwantar da hankalin tsohuwa, Ruwan Godiya ina, Salim ina. Duk da haka ranar ko abincin rana bai iya ci ba.

Washegari ya taimaka wa Zulfa ta waya ta cike fom ɗin ƙorafi. Dokar jami'ar a fili take: in laifin ɗalibi ne, ya jira baɗi. In laifin jami'a ne ko na ma'aikacinta, kwamitin jarrabawa zai ba shi wata rana. Fom ya iso teburin Hajiya, ta miƙa wa Salim ta ce ya binciko. Na'ura kuwa ba ta san kara ba. Duk saƙon da ya fita tana rubuta lokacinsa, da lambar da ya je, da ko ya isa.

Bayan sallar Juma'a Salim ya sami Kamilu a ɗakin na'urori, ya tura ƙofa ya rufe. Ya juyo masa da fuskar kwamfutarsa. Ga sunan Zulfa, ga saƙo biyu, duka sun isa. Ga lambar da Kamilu ya sani fiye da kowace lamba a duniya.

"Yallaɓai," Salim ya ce a hankali, haka yake kiransa saboda ya riga shi aiki, "ban kai wa Hajiya ba tukuna. Na ce gara ka kai da kanka."

"Ka ba ni zuwa Litinin."

"Kwamiti Laraba zai zauna. In ba a rubuta laifin namu ne ba, za su ce nata ne."

"Na sani. Na ce ka ba ni zuwa Litinin."

Salim bai san an riga an kai sunansa Ruwan Godiya ba, Kamilu kuma bai gaya masa ba.

Asabar da Lahadi ya yi su yana rubuta takarda yana yagawa. Ba takardar tuhumar da za a ba shi ce ta dame shi ba, wannan ya san zai iya sha. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce Kamilu mai jawabi, Kamilu mai ɗaga waya, shi ne ya yi abin da yake hana yara. Sannan ga Goggo, wadda ko a gidan biki sai ta sako zancen ɗanta mai riƙe da jami'a. Matarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiyar hawan ƙarfe ce. Litinin ta zo, ya shiga ofis ba takarda a hannunsa, ya ɗauki jakar kayan aiki ya ce zai je duba wayoyin ɗakin karatu, alhali babu abin da ya same su. Kunya ta sa shi yawo cikin cibiyar kamar wanda ya ɓata hanya.

Wajen ƙarfe sha ɗaya mai gadi ya aiko a kira shi, wai yana da baƙuwa. Yana karyo kwana ya hango ta zaune a barandar sashen, ta shimfiɗa ɗankwali a ƙasa ta ƙi kujerar da aka ba ta. Goggo ce, da lulluɓinta na zuwa unguwa, da takalman robarta a gefe. Tsohuwar da ko asibiti sai an yi da gaske take zuwa, ita ce ta shiga mota biyu ita kaɗai ta zo Ƙanƙara.

Ya durƙusa ya gaishe ta. "Goggo, da kin kira ni ai. Mu je gida ki huta."

"Ba wurinka na zo ba," ta ce. "Kai ka yi iyakar ƙoƙarinka. Wurin yaron nan na zo, Salimu."

Hajiya Suwaibatu ta riga ta fito, ta gaishe ta da "Sannu da hanya, Inna," ta ce a shigo da ita ciki. Ɗalibai uku-huɗu da suka zo gyaran lambar sirri suna tsaye a bakin taga, babu wanda ya motsa. Salim ya taso daga teburinsa, ya durƙusa ya gaida ta, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da Goggo faɗa ta zo yi, da abin ya zo da sauƙi. Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. Ta dube shi ta ce, "Ɗana, kai ne Salimu? Ban zo in zage ka ba. Na zo in tambaye ka ne, ko ɗiyata ta taɓa yi maka wani abu. Shekara biyar tana fita da asuba, ni ke riƙe mata yara. Kwana huɗu ke nan ba ta iya cin abinci. An ce kai ke aika wa mutane saƙo, ka aika wa kowa ka bar ta. In mantuwa ce, kowa na mantuwa. Ka dubi Allah ka faɗa masu mantuwa ka yi, don su bar ta ta rubuta."

Salim ya ɗago ya kalli Kamilu. Kallo ɗaya ne, gajere, amma a cikinsa Kamilu ya ga Salim ya gane komai, ya gane wa ya kai sunansa. Kamilu ya sunkuyar da kai yana kallon igiyar takalminsa. Ya jira Salim ya juyo da kwamfuta, ya nuna lambar, a gama da shi.

Salim bai juyo da komai ba. Ya ƙara yin ƙasa da kai ya ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Daga wajenmu ne. In sha Allahu za a gyara."

"Daga wajenku, ko daga wajenka?" in ji Hajiya, tana dubansa ta saman tabarau. "Salim, kwamiti suna yake so. Kuma ka san ba a tabbatar da kai a aiki ba tukuna. Abin da na rubuta zai shiga fayil ɗinka."

Salim ya ce, "Ranki ya daɗe, ki rubuta ni. Tsohuwa ce, ta sha hanya."

Wannan ne ya karya Kamilu. Zagi zai iya ɗauka, tonon asiri ma ya shirya masa. Amma mutumin da ya ɓata wa suna a bayan ido, mutumin da matarsa ta haihu wata biyu da suka wuce, shi ne ya sa wuyansa don kada a kunyata Kamilu gaban wadda ta goye shi. Ya ji kansa ƙarami, ƙasƙantacce, ya ji ya tsani rigar da ke jikinsa mai tambarin sashen.

"Hajiya," ya ce. "Hajiya, ba shi ba ne. Ya tura saƙo sau biyu. Wayata suka shiga."

Hajiya ta cire tabarau. "Wayarka?"

"Lambata ce a shafin Zulfa. Ni na sa lokacin rajista. Na ga saƙon ina kan eriyar Tafoki, na share ban karanta ba."

"Ita kaɗai?"

"Su sha huɗu ne."

Ɗaya daga cikin ɗaliban taga ya saki wata 'yar dariya, na kusa da shi ya zungure shi. Hajiya ta aika musu da kallo, suka watse. Ba ta yi masa faɗa ba, ita ba ta faɗa a gaban baƙo. Ta jawo fom ɗin Zulfa, ta juya shi wajen da aka ware wa bayanin sashe, ta ajiye biro a kai.

"Rubuta abin da ka faɗa, da hannunka, ka sa suna. Laifin ma'aikaci laifin jami'a ne, zan tsaya mata ranar Laraba, kuma za ta rubuta. Naka kuma za mu yi magana. Kafin la'asar ina son lambarka ta fita daga shafukan nan goma sha huɗu."

Ya ɗauki biro. Ya rubuta, ya sa suna. Duk tsawon lokacin nan bai kalli Goggo ba, amma yana jin idonta a ƙeyarsa. Da ya gama ya juyo ya durƙusa a gabanta.

"Goggo, ki gafarce ni."

"Tsaya," ta ce. "Ban gane Turancinku ba. Saƙon ya zo maka?"

"Ya zo."

"Ranar da na tambaye ka a waya, ka sani?"

"Na sani."

"Kai ka ba ni sunan yaron nan."

Goggo ta daɗe tana kallonsa. Sai ta dafa bango ta yunƙura, ya miƙa hannu zai taimaka mata, ta yi kamar ba ta ga hannun ba. Ta taka a hankali zuwa inda Salim yake tsaye. A nan, a tsakiyar ofis, gaban Hajiya, tsohuwar da ta haura saba'in, wadda gwiwa ke hana ta tsayuwar salla, ta durƙusa a gaban ɗan shekara talatin.

Salim ya zabura ya zube ƙasa shi ma. "Subhanallahi, Inna, don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba sai ka ji ni," ta ce. "Kwana huɗu ina kiran sunanka a kan abin sallata, ba da alheri ba. Na gaya wa maƙwabta. Na gaya wa liman. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskarka ba sun ce Allah ya isa a kanka saboda bakina. Ka yafe mani, ɗana. In na koma, gida-gida zan bi in warware."

"Na yafe, Inna. Wallahi na yafe."

Kamilu yana durƙushe inda ta bar shi. Ya taɓa ganin Goggo cikin yunwa, ya gan ta cikin takaba, bai taɓa ganin ta durƙusa wa wani mahaluki ba. Yau ta yi, kuma shi ya kawo ta. Hawaye suka zubo masa, bai ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Hajiya da Salim suka kama ta suka tayar. Ta gyara lulluɓi, ta sa takalmanta a baranda, ta yi wa Hajiya godiya ta sa mata albarka. Kamilu ya taso da sauri ya ɗauko makullin babur.

"Goggo, mu je gida ki ci abinci, in kai ki tasha."

Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Kana da aiki," ta ce. "An ce ka cire lambarka." Ta juya ta miƙa wa Salim 'yar ledarta. "Ɗana, kai za ka raka ni tasha."